Ƙwayar da Aka Hana Mai Walda

Litinin, da hantsi

Likita ce ta ce in riƙa rubutawa. Duk ranar da ciwon ɓarin kai ya zo, in sa rana da lokaci, da abin da na ci, da abin da na sha masa. Na ce mata ni mai walda ne, rubutuna bai wuce awon ƙofa da taga da alli a jikin bango ba. Ta ce to wannan ma in auna shi. Malama, matata, ta ɗauko mini wani littafi cikin na 'yan ajinta, ga shi na fara.

Yau bai zo ba. Tun da aka sallamo ni daga asibiti ina zaune a falo kamar baƙo. An sa mini matashi a baya, an hana ni ɗaga ko bokiti. Magunguna jere a kan talabijin, na safe daban, na dare daban. Duk na ƙirji ne, na ciwon zuciyar da ya kwantar da ni.

Laraba, bayan azahar

Ya zo.

Yadda ya saba ya fara. Ɗan ɗigon haske a gefen idon hagu, kamar na wanda ya kalli walda ba gilashi, sai ya buɗe ya zama haƙoran zarto suna rawa. Ƙafata da kanta ta kai ni gaban durowar gefen gado. Shekara da shekaru can ƙwayata take, cikin tsohon gwangwanin madara. Gwangwanin yana nan, an wanke shi tas, an zuba allurai da maɓallai.

Na san an faɗa mini tun ina kwance a asibiti cewa an hana ni ita. Na ji, amma kamar da na gadon kusa da ni ake magana.

Na sha farasitamol, shi kaɗai aka bar mini. Kamar tofa yawu a kan ƙarfen da ya yi ja a wuta.

Alhamis, da safe

Yana nan. Na yi amai har ba abin da ya rage.

Juma'a, da yamma

Ya sake ni wajen la'asar. Jikina kamar an yi mini duka da rodi, amma na sha shayi ya zauna.

Bari in rubuta wa likita tarihin, tunda ta tambaya. Tun ina saurayi yake zuwar mini. A lokacin in ya zo, kwana biyu ko uku ba ni ba duniya: ɗaki mai duhu, bokiti a gefen gado, ko takun kaza a tsakar gida ji nake a cikin ƙashin ido. Ranar da aka haifi babban ɗanmu ina kwance da tsumma a goshi, sai labari aka kawo mini. Daga baya wani likita ya rubuta mini wata 'yar ƙwaya da ba ta kai ƙwayar wake ba. Ya ce da zarar ciwon ya taɓa ni in haɗiye, kada in jira ya yi ƙarfi. Ranar farko na sha na kwanta ina jiran wahala, kafin a idar da sallar azahar na tashi ina jin yunwa. Na zauna a bakin gado na yi kuka, Malama ta zaci wani ne ya rasu.

Da wannan ƙwayar na buɗe shago, da ita na yi wa yara makaranta. A gidan nan har wasa ake da ciwon. Malama ta ga na fara kanne ido sai ta ce, mutuminka ya iso? In ce ya iso, ba shi kujera, yanzu zan sallame shi.

Shekaranjiya ba ta yi wasan ba. Ta ja labule ta fita da sanɗa.

Litinin, bayan mun dawo daga asibiti

Na roƙi likita. Ban taɓa roƙon ƙaramar mace sa'ar ƙanwata haka ba. Na ce ko rabi ne, ko sau ɗaya a wata.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta juya takarda ta zana mini kai. Ta ce ciwon ba daga jini yake farawa ba, daga jijiyar ji ce, wata babba da ta ratsa fuska da goshi da fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. In ta harzuƙa sai ta riƙa zubo wani sinadari, jijiyoyin jini na wurin su buɗe, wurin ya yi tsami, kowane bugun jini ya zama guduma. Ta ce ƙwayata aiki biyu take yi: tana rufe wa waccan jijiyar baki ta daina zubo sinadarin, tana kuma tsuke jijiyoyin jinin da suka buɗe. Shi ya sa ba ta yi wa ciwon haƙori ko na baya komai, ba maganin zafi ba ce, maganin wannan ciwon ce kawai.

Na ce to ai aikin kirki take yi. Ta ce haka ne, sai dai ƙwaya ba ta san adireshi ba. In ta shiga jini ko'ina take zagawa, ta tsuke na kai, ta ɗan tsuke na zuciya. Mai lafiyayyar zuciya ba zai ji komai ba.

Sai ta ajiye biro ta ce, “Baba, naka bututun da ƙyar muka buɗe shi. Ba zan ba ka abin da zai matse shi ba.”

Na tambayi sauran na kemis, irin waɗanda Dogo ƙanina yake sha in bayansa ya riƙe. Ta ce su ma a'a, ba sa shiri da maganin tsinka jinin da nake sha, ciki zai iya zubar da jini. Ta ƙara mini wata ta hana amai, ta ce in ciwon ya zo ciki yana tsayawa da aiki, shi ya sa abin da na haɗiya yake zama a wurin kamar dutse, in sha ta tare da farasitamol tun da wuri. Ta kuma gargaɗe ni kada in mai da farasitamol abin kullum, don kai yana sabawa, ranar da bai samu ba ya ƙirƙiro nasa ciwon.

Abu ɗaya ta ce mai kama da albishir. Wai cikin magungunan ƙirjin akwai wanda yake rage gudun zuciya, kuma shi ɗin ana ba masu irin ciwona don ya riƙa zuwa jefi-jefi. Ba ya kashe wuta in ta kama, ciyawar yake ragewa. Amma sai an yi wata biyu ko uku kafin a san ko ya karɓe ni.

Malama tana ta gyaɗa kai tana cewa mun gode. A mota ta riƙe hannuna ta ce ya yi sanyi. Maganin ne, shi ma an faɗa.

Talata, da rana

Dogo ya zo da lemo. Ya ce shago lafiya lau, har maƙwabta suna tambaya ko an tashi ne, don ba su ƙara jin ana zagin kowa ba. Na yi dariya don ya ji daɗi. Ya ce mai gidan benen da muke yi wa aiki ya matsa a kan babbar ƙofarsa, ya ce masa a jira Yaya ya warke. Na ce kada a jira. Ya ce za a jira.

Bai kalli ƙirjina ba ko sau ɗaya. Shi ne ya ɗauke ni ranar da ciwon zuciyar ya kama ni a shago, shi ya tare mota a tsakiyar titi. Ba mu taɓa maganar ba.

Alhamis, da hantsi

Masu dubiya ba sa ƙarewa, kuma kowa likita ne. Wani ya ce in daina shayi, wani ya ce in ƙara. Wata gwaggon Malama ta ce tunani ne ya yi mini yawa, in daina sa abu a rai. Duk ƙirjin suke tambaya. In na ce kaina, sai su yi murmushi su ce ai ciwon kai mai sauƙi ne, a gode wa Allah da aka tsira da rai.

Na gode. Wallahi na gode. Amma ba wanda ya taɓa kwana biyu a cikin kan nan sai ni.

Asabar, bayan la'asar

Abin dariya ya faru, in rubuta.

Likita ta ce in riƙa ɗan tattaki. Na fita har bakin titi, a dawowa sai na ji wani nauyi a ƙirji, ba mai yawa ba. Na yi yadda aka koya mini, na zauna a dakalin mai gyaran takalmi na sa 'yar ƙwayar nan ta ƙarƙashin harshe. Nauyin ya tafi nan take. Kafin in kai ƙofar gida kaina ya fara sarawa.

'Yarmu Auta ce ta karanta mini takardar cikin kwalin, ita ce mai idon karanta ƙananan rubutu. Ta ce aikin ƙwayar buɗe jijiyoyin jini ne, kuma ciwon kai ne na farko cikin abubuwan da take jawowa. Wato na ƙirji yana buɗewa, na kai yana tsukewa, ni kuma jiki ɗaya Allah ya ba ni. Na yi dariya har Auta ta tsorata ta tafi kiran uwarta.

Yanzu hasken ya fara. Zan ajiye biro.

Lahadi

Duhu.

Litinin, da yamma

Duhu. Auta tana shirin jarrabawa, a can ƙarshen tsakar gida take karatu don kada in ji juyin takarda. Yarinyar da ba ta iya wanke kofi sai da waƙa. Gidan ya zama kamar ana zaman makoki, gawar kuma tana jin kowa.

Laraba, da hantsi

Na je wurin mai kemis ɗinmu. Tun yana yaron shago nake saye a hannunsa, yanzu har furfura ta fito masa. Na tsaya na yi ta gaisuwa, na tambayi iyali, na tambayi kasuwa, na sayi man zafi da ba na buƙata. Da mutane suka ragu na ce masa, ka san abin da ya kawo ni.

Ya ce ya sani. Ya ce Malama ta riga ni zuwa tun ina asibiti, kuma ko ba ta zo ba shi ma ya san abin da ke rubuce a kwalin. Ya ce in yi haƙuri, ya fi son in yi fushi da shi ina raye.

Ina ganin ƙwayar a bayansa, a kan kanta ta biyu, farin kwali mai ratsin shuɗi. Hannu zai kai.

Akwai wasu kemis a gari da ba su san ni ba. Na tsaya a bakin titi ina kallon motoci suna wucewa. Na dawo gida.

Juma'a, bayan azahar

Na je shago, karo na farko.

Warin ƙarfe da fenti ya tare ni tun daga nesa, na ji kamar na dawo daga tafiya. Wurin da na zauna a ƙasa ranar, kusa da injin yanka, an jingine falankin ƙarfe a kai. Ban tambayi wanda ya jingine ba.

Ƙofar mai gidan bene tana kwance a kan jakunan ƙarfen da muke ɗora aiki, rabi a haɗe, yadda na bar ta. Na ce wa Dogo ya ba ni gilashi in ɗan ɗiga mata walda biyu-uku. Ya miƙo. Hannuna bai manta ba. Amma da wutar ta tashi, ko ta cikin baƙin gilashin sai na ji ta shiga idon hagu ta tsaya. Da can ba na damuwa, in ta jawo shi akwai abin sallamarsa a aljihu. Yau na ɗiga ɗaya na ajiye, na ce na gaji.

Na ɗauko tsohuwar rigar aikina da ke rataye a bayan ƙofa, na ce zan kai gida a wanke.

Ban ba da wankin ba.

Asabar, da safe

Akwai abu a aljihun rigar. Ƙwayata ce, guda ɗaya, a cikin ledarta ta azurfa, gefen ya lanƙwashe amma ba ta fashe ba. Ban san tun yaushe take ciki ba.

Likita, in kin karanta wannan shafin, ban sha ba. Ajiyewa kawai na yi.

Litinin, da rana

Bai zo ba yau. Na fi samun barci tun da na san tana nan. Malama ta ce fuskata ta washe, ko maganin rigakafin ya fara aiki. Na ce wataƙila.

Laraba, da asuba ta wuce

Ya zo tun jiya. Na sha na amai da farasitamol tun da wuri kamar yadda aka ce. Ba su tsaya a ciki ba.

Na ɗauko ta na riƙe a hannu na mayar.

Alhamis, da hantsi

Yana nan. Wannan bai yi kama da na baya ba, ko kuwa ni ne ba ni da ƙarfin da. Na buga kaina a bango, a hankali, don in ji wani ciwon daban. Malama ta ce ba za ta je makaranta ba, na ce ta tafi, numfashinta ma ina ji. Na ga yadda maganar ta same ta. Ta ɗauki jakarta.

Na ɗauko ta. Na mayar. Na ɗauko.

Asabar, da yamma, a gadon asibiti

Auta ta kawo mini littafin. Zan rubuta yadda aka yi, tunda kowa ya riga ya sani.

Ranar Alhamis, bayan gidan ya yi shiru, na sha. Na kwanta rigingine na ɗora hannu a ƙirji ina jira in ga wanne zai riga zuwa.

Sauƙin ne ya riga. Na manta yadda yake. Gudumar ta fara rage ƙarfi, ta koma kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta, sannan shiru. Na buɗe labule. Rana tana kan igiyar shanya, kayan makarantar Auta suna ɗigar ruwa, ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Na yi wanka. Na shiga kicin na ɗumama shinkafar jiya na cinye a tsaye daga tukunya. Ƙofar kicin da ta daɗe tana ja a ƙasa, na ɗauko sukudireba na cire ta na gyara mata ƙafa. Ina jin kaina ina yin fito da baki.

A haka Malama ta same ni. Ta tsaya da jakarta a kafaɗa, ta kalli tukunyar, ta kalli ƙofar, ta kalle ni. Ta bar ni da safe ina buga kai a bango. Shekarun da muka yi tare, ta san abu ɗaya ne a duniya yake tashe ni haka.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “A ina ka samu?”

Na faɗa mata.

“Ka san abin da za ta iya yi maka?”

Na ce na sani.

“Ka sani. Ka kuma bari sai da muka fita.” Ta ajiye jakar a ƙasa. “Auta ce take fara dawowa ranar Alhamis, Malam. Yau ne kawai aka tsayar da su. Ita ka so ta buɗe ƙofar ɗakin?”

Ban yi wannan tunanin ba. Gaskiyar ke nan, kuma ita ce mafi muni. Ban tuna da kowa ba.

Muna tsaye a wurin na ji wuyana da ƙirjina sun ɗaure, kamar an ja bel. Da can ma ƙwayar takan yi mini haka in share, an ce halinta ne. Yanzu ba ni da hanyar sanin ko halin ƙwayar ne ko ciwon zuciyar ne ya dawo. Hannuna ya tafi wurin, ta gani. Ita ta kira Dogo.

Lahadi, da safe

Sun ɗebi jini, sun liƙa mini wayoyi, sun sake ɗiba. Likita ta ce wannan karon ban yi wa kaina lahani ba. Ta nanata wannan karon.

Na zaci za ta wanke ni. Ta jawo kujera ta zauna, ta ce ta ga mutane da yawa da aka ceto zuciyarsu suna murna, ba ta cika tsayawa ta tambayi abin da aka karɓe musu ba. Ta ce akwai sababbin magunguna da aka yi don masu irin halina. Su ba ruwansu da tsuke jijiyar jini, sinadarin nan da jijiyar ji take zubowa suke tarewa, wasu su kama shi, wasu su toshe inda yake sauka. Akwai na haɗiya, akwai allura sau ɗaya a wata.

Na tashi zaune. Na ce to a ba ni.

Ta ce babu a asibitin nan, babu a inda take turawa. Ta nema, za ta sake nema. Na ce yaushe. Ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba.

Da ba ta faɗa mini ba ya fi. Da ina ganin babu ne a duniya.

Talata, da rana, a gida

Malama tana yin komai. Abinci a kan lokaci, magani a tafin hannuna, tana tsaye har in haɗiye. Ta zazzage aljihun duk rigunana, har na waɗanda na daina sawa, ta duba cikin takalma. Ta yi shi a gabana, ban hana ba.

Ba ta yi mini magana sai ta dole. Ga ruwa. An kira ka. Ta kwashe matashinta ta koma ɗakin Auta, ta ce don kada motsinta ya dame ni.

Babban ɗanmu ya kira daga inda yake aiki, ya yi ta yi mini nasiha kamar shi ya haife ni. Na ce to, to, to.

Alhamis

Ya zo. Ba abin rubutawa. Duba shafukan baya.

Asabar, bayan la'asar

Na sa Dogo ya zo. Na ba shi makullan shago, da na akwatin kayan aiki wanda ban taɓa ba kowa ba. Ya ƙi karɓa, ya ce Yaya mene ne haka, ai hutu ne. Na ce wutar walda tana kira mini shi, kuma ba ni da abin korarsa, in na koma zan riƙa aikin yini ɗaya ina biya da kwana uku. Na ce ya ƙarasa wa mutumin nan ƙofarsa.

Ya ce ya riga ya ƙarasa, tun ina asibiti karo na biyu, kunya ta hana shi faɗa. Ya nuna mini hoto a waya. Haɗin kusurwar sama ya yi tudu, bai goge shi sosai ba, kuma ƙafar hagu za ta fara ja kafin shekara. Na ce ta yi kyau.

Ya sa makullan a aljihu yana kallon ƙasa. Da zai fita ya ce kujerata tana nan, in riƙa zuwa ko zagi ne in yi musu. Na ce zan zo.

Litinin, da hantsi

Kowa ya fita. Na share tsakar gida. Na zauna. Hannuna ya fara laushi, baƙin da ke gefen farce ya fita.

Likita ta ce a ƙirga ko ya ragu. Na duba littafin. Bai ragu ba. Ta ce da saura lokaci.

Laraba, da yamma

Yau ba nawa zan rubuta ba.

Wajen hantsi na ji an turo ƙofar gida. Auta ce, da kayan makaranta, ba jaka, wata ƙawarta ta rako ta har bakin ƙofa ta juya. Ta ce suna cikin jarrabawa sai rabin takardar ya ɓace. Tana ganin farkon layi, ƙarshen babu. Sai wani abu mai walƙiya ya fito a gefen idonta yana rawa, ta zaci makancewa za ta yi. Malaminsu ya ce yunwa ce, ta je gida ta ci abinci. Tana faɗa tana danne goshinta na dama da tafin hannu.

Mahaifiyata haka take danne nata, da wannan hannun, a wannan wurin. Cikin 'ya'yanta ni kaɗai na ɗauko. Na daɗe da sakin jiki cewa a kaina ya tsaya.

Na ce mata ba makanta ba ce, idon zai dawo kafin a jima, abin da zai biyo baya ne mai wuya. Na ba ta farasitamol tun cikin bai rufe ba. Na kai ta ɗakina don ya fi duhu, na rataya bargo a kan labule, na cire agogon bango na kai falo. Na ajiye bokiti inda hannunta zai kai. Na jiƙa tsumma. Ban tsaya tunanin ko ɗaya ba. A duk abin da na iya a duniya, wannan ne ya rage da ake buƙata.

Ya zo mata sosai. Ta yi amai, ta yi kuka, na ce kada ta yi kuka, yana ƙara shi. Ta riƙe babban yatsana kamar lokacin da take koyon tafiya. Na zauna a ƙasa a gefen gadon, ina numfashi a hankali don kada ta ji.

Da Malama ta dawo ta leƙo, ta ga bargon, ta ga bokitin, ta ga wadda ke kwance. Ta toshe bakinta da gefen mayafi. Ta daɗe a tsaye, sannan ta cire takalmi ta shigo ta zauna a ƙasa kusa da ni, kafaɗarta tana taɓa tawa. Cikin raɗa ta tambaye ni me za ta yi. Na ce babu, zama kawai. Gobe mu kai ta asibiti. Ita zuciyarta lafiya lau, in sun ga ya dace akwai abin da za su iya ba ta.

Wajen la'asar ya fara sakinta. Ta buɗe ido kaɗan ta neme ni.

Ta ce, “Baba, haka kake ji?”

Na ce haka.

“Duk lokacin?”

Na ce ta yi shiru ta huta.

Ta rufe ido. Na zaci ta yi barci, sai ta ce, “Amma in ya tafi shi ke nan ko? Ba zai dawo ba?”

Malama ta juyo tana kallona. Shekarar Auta goma sha biyar.

Na ɗauke tsumman daga goshinta, ya yi ɗumi. Na ce bari in jiƙo shi, na fita.